Yadda ɗalibi zai gane halinsa, ya rage riƙon salula, ya daina ɗage karatu zuwa gobe

A Yamai, daga ɗaliban ajin ƙarshe na lise masu shirin jarrabawar Bak har zuwa na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, da wuya a sami wanda karatunsa bai ratsa ta cikin salula ba. A zauren WhatsApp na aji delege, wato wakilin ɗaliban ajin, yake sanar da cewa an ɗage darasi ko an canza ɗaki, ta nan hotunan kaye, wato littafin rubutu, na wanda ya halarci darasi suke isa ga wanda bai samu zuwa ba, kuma ta nan tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke yawo daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa shawarar da manya suka fi bayarwa, wato a rabu da wayar gaba ɗaya, ba ta cika aiki ba, domin ɗalibin da ya bi ta zai wayi gari an yi gwaji a aji shi bai da labari. Wahalar ita ce na'urar da ke ɗauke da darasi ita ce kuma ke ɗauke da TikTok da Facebook da sakamakon wasannin ƙwallo, kuma tsakanin wannan da wancan motsin yatsa ɗaya ne kawai.

Ɗalibai biyu suna iya zama ɗaki ɗaya, da waya iri ɗaya da forfe, wato intanet ɗin da ake saya a waya, iri ɗaya, ɗaya ya duba saƙon delege ya ajiye, ɗayan ya shiga da niyyar duba saƙon nan sai bayan awa biyu ya ɗago kai. Mutane kan yi saurin cewa na farko yana da ƙarfin zuciya, na biyu kuwa rago ne. Wannan hukunci bai gaya wa na biyun abin da zai yi gobe da safe ba. Abin da ya raba su ya fi alaƙa da hali, wato yadda kowanne yake wajen tsari da saurin damuwa da son jama'a, sannan da yadda kowanne ya shirya wurin karatunsa tun kafin jarabar ta zo. Matakan da ke tafe suna bin wannan hanya ne: ka fara gane irin halinka, sannan ka shirya ɗakinka da lokacinka ta yadda ba sai ka yi kokawa da kanka kowane dare ba.

Mako guda na lura kawai

Matakin farko shi ne kada ka canza kome har kwana bakwai. Shiga Paramètres na wayarka ka nemi wurin da aka rubuta Bien-être numérique, wanda ake samu a mafi yawan wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da Samsung. A iPhone sunansa Temps d'écran. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kan kowace manhaja, da sau nawa ka buɗe wayar a yini. Idan wayarka ba ta da shi, shafin da ke nuna manhajojin da suka fi cinye batir zai ba ka hoto mai kama da haka. Kafin ka duba, rubuta ƙiyasinka a takarda, domin tazarar da ke tsakanin abin da kake zato da abin da wayar ta ƙirga ita kanta darasi ce.

Ƙirgen awoyi kaɗai bai isa ba. Ware shafi ɗaya a bayan kayenka ka ja layi biyu ya zama gida uku. Duk lokacin da ka kama kanka da waya a hannu alhali lokacin karatu ne, rubuta ƙarfe nawa, da abin da kake shirin yi kafin ka ɗauke ta, da abin da ka ji a ranka a daidai lokacin. Layi ɗaya zai iya zama haka: ƙarfe 9 da kwata na dare, atisaye na 3 na lissafi, ban gane tambayar ba sai na ji gabana ya faɗi. Wani layin kuma: bayan la'asar, haddar tarihi, gajiya da gundura. Gida na uku shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi son tsallakewa, don rubuta "na ji tsoro" ya fi rubuta "ƙarfe 9" nauyi. A ƙasan shafin ka riƙa tara kuɗin forfen da ka saya. Wanda yake sayen na dala ashirin ko dala arba'in kullum bai cika lura ba cewa a wata jaka nawa ke tafiya.

Karanta shafin, ka gane halinka

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna hali da manyan ma'aunai biyar: tsari da cika aiki, saurin shiga damuwa, son cuɗanya da jama'a, sauƙin kai da gudun ɓata wa mutane, da kuma son sanin sabon abu. Kowane mutum yana da rabo a dukkan biyar ɗin, bambancin yawa ne kawai. A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara ɗaruruwan sakamakon bincike kan ɗage aiki, ya ga cewa abubuwan da suka fi tafiya tare da shi su ne ƙarancin tsari, da saurin bin abin da zuciya ta raya nan take, da rashin yarda cewa mutum zai iya aikin, da ƙin aikin kansa, da nisan ranar da za a ga sakamakonsa. Na ƙarshen nan ya shafi ɗalibin Nijar kai tsaye. Wanda ya shiga aji a watan Oktoba yana ganin jarrabawar ƙarshen shekara can nesa, ladan karatun yau ba zai zo ba sai bayan watanni, shi kuwa bidiyon daƙiƙa talatin ladansa a hannu yake.

Mataki na biyu shi ne ka koma kan shafinka ka duba gida na uku. Idan kalmomin da suka fi yawa su ne "na manta", "na ce minti biyu kawai", "ban san ta ina zan fara ba", to matsalarka ta tsari ce da saurin bin zuciya. Irin wannan ɗalibi ba ya ƙin karatu. Hannunsa ne ke riga tunaninsa isa wayar. Idan kuwa abin da ya cika shafin shi ne faɗuwar gaba, tunanin faɗuwa jarrabawa, tunanin abin da za a ce a gida, to wayar mafaka ce gare ka. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana a 2013 cewa ɗage aiki sau da yawa hanyar gyara yanayin zuciya ce na ɗan lokaci: aikin ya tayar da ɓacin rai, mutum ya kauce masa ya sami sauƙi nan take, ya bar wa kansa na gobe nauyin duka. Binciken da aka yi kan yawan riƙon waya ma ya sha nuna cewa masu saurin damuwa sun fi faɗawa ciki, masu tsari kuwa sun fi kuɓuta.

Akwai na uku, wanda shirun ɗaki ne ke damunsa. Da zarar ya zauna shi kaɗai da littafi sai ya ji kamar ana wani abu a fada ba da shi ba, sai ya leƙa zaure ya ga wa ya yi magana. Na huɗu kuwa kara ce ke cinsa. Abokinsa ya turo saƙon murya na minti huɗu, ƴar'uwarsa ta kira daga Tahoua, wani ya ga alamar cewa ya karanta saƙo, sai ya ji rashin kunya ne ya bari sai anjima. A ganina wannan nau'in ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda ake zato, kuma ba a cika ambatonsa ba don kara abin yabo ce a tarbiyyarmu, ba wanda yake son a ce ita ce ke cinye masa lokacin bita. Na biyar shi ne mai son sani, wanda ya shiga intanet da gaskiya don neman bayanin wata ƙa'idar kimiyya, bayanin ya kai shi ga wani, wancan ya kai shi ga tarihin wata daula, ya tashi ya ƙaru da abubuwa da yawa amma babu ko ɗaya da zai fito a takardar jarrabawa.

Mafi yawan mutane za su ga kansu a biyu daga cikin waɗannan. Zaɓi wanda ya fi yawa a shafinka ka rubuta shi a sama. Kada ka ɗauke shi hukuncin da ba ya tashi, domin bincike ya nuna cewa tsari da cika aiki sukan ƙaru yayin da mutum ya shiga shekarun ashirin da talatin, kuma abin da za a gyara a nan shiri ne, wanda ana iya canza shi a yini ɗaya.

Abin da ƙarfin zuciya ke iyawa da abin da ba ya iyawa

Mataki na uku gyaran fahimta ne, kuma idan aka tsallake shi sauran ba za su zauna ba. Ɗalibai da yawa suna zaton kame kai shi ne a ajiye waya a gefen littafi tana haske tana ƙara, mutum ya daure bai taɓa ta ba. Wanda ya gwada haka ya kasa sai ya ce shi ba shi da zuciya.

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 Walter Mischel ya yi wani gwaji da ya shahara a Jami'ar Stanford ta Amurka: a ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya a gabansa, a ce idan ya jira har a dawo zai sami biyu. Abin da aka fi yaɗawa shi ne cewa yaran da suka jira sun fi samun nasara daga baya, amma wani bincike na 2018 da ya bi yara fiye da 900 ya ga wannan alaƙa ta ragu ƙwarai idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito. Abin da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne yadda masu jiran suka yi jiran. Sun rufe ido, sun juya baya, sun yi waƙa, sun shagaltar da kansu da wani abu, kuma jira ya fi sauƙi idan an rufe alewar ba a ganinta. A 2012 Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa sun bi manya 205 a birnin Würzburg na Jamus har mako guda, ana tambayarsu sau bakwai a yini ko suna jin sha'awar wani abu. Waɗanda aka auna suna da kamun kai sosai ba su fi kowa yawan kokawa da sha'awa ba. Sun fi kowa ƙarancin haɗuwa da ita tun farko. Har ma ra'ayin nan da ya yaɗu cewa ƙarfin zuciya yana ƙarewa idan an yi amfani da shi, wanda Roy Baumeister ya gabatar a 1998, bai tabbata ba lokacin da ɗakunan bincike 23 suka maimaita gwajin tare a 2016. Saboda haka kada ka kafa shirinka a kan lissafin yawan juriyar da ta rage maka.

Mai azumi ya san wannan ba tare da an karanta masa bincike ba. Yana ƙulla niyya tun dare, ba ya sake tattauna maganar da kansa duk lokacin da ƙishirwa ta taso da azahar, ba ya zuwa ya zauna gaban mai tuyar ƙosai don gwada imaninsa, kuma kowa a gidan yana cikin abin da yake ciki. Ɗalibin da ke iya wuni bai sha ruwa ba a zafin Yamai bai rasa ƙarfin zuciya ba. Abin da karatunsa ya rasa shi ne waɗannan ukun: shawara da aka yanke tun kafin lokaci, nisa da abin jaraba, da abokan tafiya.

Nisanta wayar da jikinka

Mataki na huɗu aikin hannu ne, ana gama shi cikin awa ɗaya. Fara da raba darasi da wayar gwargwadon iko. Sau ɗaya a yini, a lokacin da ka tsayar, buɗe zauren aji ka sauke duk abin da aka turo, ka kwafe abin da ke gajere cikin kaye da hannunka, mai tsawo kuma ka kai wurin masu fotokofi na bakin makaranta. Takarda ba ta turo maka saƙo. Idan dole sai a waya za ka karanta, kashe intanet ɗin ka sa ta a yanayin jirgi kafin ka buɗe takardar.

Sannan ka kashe sanarwar kowace manhaja, ka bar kira da saƙon SMS kawai, domin mai neman ka da gaggawa kira zai yi. Zaurukan WhatsApp da ba na aji ba ka sa su shiru. Manhajar da shafinka ya nuna ta fi cin lokacinka ka cire ta daga fuskar wayar, ko ka goge ta daga Litinin zuwa Juma'a. Sake sauke ta yana cin mega da lokaci, kuma wannan ƴar wahalar ce ake so. Mai saurin bin zuciya ba dogon wa'azi yake bukata ba, daƙiƙa ashirin na tsaiko tsakanin sha'awa da biyan ta sun fi yi masa amfani.

Lokacin karatu kuwa wayar ta bar ɗakin. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokansa sun gwada ɗalibai kusan 800, wasu wayarsu a kife kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, sai na wani ɗakin suka fi na kan tebur a gwajin riƙe abu a ka. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba, amma ko ba don wannan ba, wayar da sai ka tashi ka sa takalmi ka ratsa tsakar gida kafin ka kai gare ta ta fi ta gefen gwiwarka wuyar ɗauka. A gida ka miƙa wa mahaifiya ko yaya ka ce, "Inna, ki riƙe mini wannan, ko na roƙa kada ki ba ni sai an kira lisha." A ɗakin kwanan jami'a ka kulle ta cikin akwati ka ba abokin ɗakinka makullin, shi ma ka riƙe nasa.

Akwai ramuka biyu da suka keɓanta da wurinmu. Na farko ɗaukewar kuran. Da wuta ta tafi sai wayar ta zama fitila, fitilar da ke hannu kuwa cikin minti biyar ta koma allon kallo. Sayi tocila ko ƴar fitila mai cajin rana, ka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, don kada haske da tashin asuba su zama hujjar kwana da waya. Na biyu forfen dare mai arha. Ɗalibi yakan saye shi da sunan sauke darussa, ya sauke su cikin minti goma, sannan ya ji asara ce ya bar sauran megan su ƙone, sai ya zauna cinye su har ƙarfe uku. Arhar nan da barcinka kake biyan ta, kuma wanda bai yi barci ba washegari ya fi kasa kame kansa da riƙe abin da ya karanta. Idan za ka saya, rubuta jerin abin da za ka sauke tun da rana, ka gama ka kashe.

Ƙanƙanta aikin, ka ɗaura shi a kan lokacin da ba ya motsi

Cire wayar yana barin gurbi, kuma idan ba a cika gurbin da aiki bayyananne ba, mutum zai sami wata hanyar gudu, ko shara ce ko wankin da bai yi niyya ba. "Zan yi bitar falsafa yau" ba aiki ba ne da hannu zai iya kamawa. Mayar da shi abin da ake iya farawa cikin minti ɗaya: zan karanta shafi na 12 zuwa 15, in rufe kaye, in rubuta abubuwa biyar da na tuna. Rufe kayen nan da tambayar kai ya fi maimaita karatu sau uku zaunar da abu a ka, ko da yake ya fi shi ɗaci, don yana nuna maka abin da ba ka sani ba tun kafin mai gyaran takarda ya nuna maka.

Sai ka ba aikin lokaci da wuri. Peter Gollwitzer, masani ɗan Jamus, ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka tsara da siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi niyyar da aka bari a buɗe cika. Mu kuwa muna da lokuta biyar da ba sa jiran ra'ayin kowa. Rubuta naka kamar haka: idan na sallame asuba, zan zauna kan tabarma a tsakar gida in yi atisaye biyu kafin in taɓa waya, idan na dawo daga lisha, zan miƙa wayar in buɗe kayen tarihi. Tanadi na uku don lokacin da sha'awar ta taso: idan na ji hannuna yana neman waya, zan rubuta abin da nake son dubawa a gefen takarda in ci gaba. Da yawa daga abin da ka rubuta, idan lokacin dubawa ya zo, za ka ga ba ka ma damu da su ba.

Tsawon zama kuma a fara da kaɗan. Dabarar da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen shekarun 1980 ita ce minti 25 na aiki da minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai tsawo. Babu wani sirri a cikin 25 ɗin. Wanda ya daɗe bai zauna ba ya fara da 10. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: hutun ba na waya ba ne. Tashi ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka leƙa ƙofar gida.

Gyara shirin daidai da halinka

Mai ƙarancin tsari ya riƙe matakan nisantawa da ƙarfi, kuma kowane dare ya rubuta ayyuka uku na gobe, kada su wuce uku, ya bar kayen a buɗe a shafin da zai fara. Mai saurin damuwa kuwa ƙwace masa waya kaɗai na iya ƙara masa ƙunci, domin an rufe mafakar an bar abin da yake gudu. Shi ya fara da tambaya mafi sauƙi don ya ji hannunsa ya kama, ya yarda ya rubuta amsa marar kyau a zagayen farko, kuma abin da bai gane ba ya sa masa alama ya kai wa malami ko abokin da ya fi shi a fannin cikin kwana biyu. Babin da aka bari mako uku ana tsoronsa ya fi girma a zuciya fiye da yadda yake a takarda.

Mai son jama'a kada ya tilasta wa kansa kaɗaici. Ƙungiyoyin nan na masu shirin Bak da ke kafa allo a ƙofar gida ko cikin ajin da ba kowa da yamma, suna warware atisaye da alli ɗaya bayan ɗaya, su ne maganinsa, muddin mutanen ba su wuce huɗu ko biyar ba, an tara wayoyi cikin jaka ɗaya tun farko, kuma an bar ɗora shayi sai an goge allo. Fada tana nan, ya je bayan ya gama, ya zama ita ce ladan. Mai kara ya sanar tun da wuri, domin abin da ke ba shi kunya shi ne a ce ya yi biris da mutum. Ya rubuta a bayanin WhatsApp ɗinsa cewa yana karatu daga ƙarfe 8 zuwa 10, ya gaya wa mutane uku da suka fi nemansa baki da baki, ya kashe alamar da ke nuna an karanta saƙo. Wanda aka gaya wa tun farko ba ya jin an wulaƙanta shi. Mai son sani kuma ya tara tambayoyinsa a takarda, ya ba su rabin awa a ƙarshen zama.

Ɗaliba da aikin gida ke jiranta tana da ƙarin nauyi da ya kamata a faɗa. Sau da yawa lokacin da ya rage mata bayan girki da wanke-wanke shi ne lokacin da ta fi gajiya, kuma wayar ce kaɗai hutun da ba sai ta nemi izini ba. Abin da ya fi mata shi ne ta nemi a yi yarjejeniya a gida kan awa ɗaya ko biyu da ba za a aike ta ba, musamman bayan asuba, maimakon ta jira sai kowa ya kwanta.

Idan aka zame

Za a zame, kuma yadda aka ɗauki zamewar shi ke yanke abin da zai biyo baya. A 2010 Michael Wohl da abokan aikinsa a Jami'ar Carleton ta Kanada sun bi ɗaliban shekarar farko tsakanin jarrabawa biyu, suka ga waɗanda suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi kafin ta farko sun rage jinkiri kafin ta biyu. Dalilin a fili yake: zagin kai yana ƙara ɓacin ran da ke manne da littafin, ɓacin ran kuwa shi ne abin da ake gudu tun asali. Saboda haka idan dare ya tafi a kan bidiyo, rubuta layi ɗaya a shafinka kan abin da ya buɗe ƙofar, ka toshe wannan ƙofar, ka koma kan zama na gaba ba tare da ninka shi don ramuwa ba. Binciken Phillippa Lally a Landan ya ga sabon abu yana ɗaukar daga kwana 18 har zuwa 254 kafin ya zama jiki, matsakaici wajen kwana 66, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda yake son shirin ya zauna kafin jarrabawa, ke nan, ya fara tun lokacin sanyi.

Kowace Juma'a da yamma ka sake duba ƙirgen wayar ka kwatanta da makon farko, ka canza abu ɗaya kawai. Idan bayan makonni ka ga abin ya fi ƙarfin shiri, misali kuɗin abinci yana tafiya a cacar ƙwallo ta waya, ko barci ya ƙaurace, ko baƙin ciki ya hana ka cin abinci da shiga mutane, to maganar ta wuce ta tsara lokaci, sai a gaya wa babba da aka amince da shi kuma a ga likita.

Watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma kuran ya fi yawan ɗaukewa, su ne kuma watannin bita mafi tsanani, don haka jadawalin sanyi ba zai yi aiki a cikinsu ba sai an juya shi. Mayar da fanni mafi wuya zuwa bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ka bar tsakar rana ga barci da kwafe-kwafe marasa nauyi, zaman dare kuma ka yi shi a waje inda iska ke kaɗawa, a tsakar gida ko ƙarƙashin fitilar titi tare da abokan bita. Idan za ka fita irin wannan zama, ɗauki kaye da biro da gorar ruwa, ka gaya wa na gida inda kake da lokacin dawowarka, wayar kuma ta tsaya a wurin caji.